Jan tsumman Malam Haladu

Ina ƙarƙashin tarakta a Gagarawa Tasha ƙanina ya kira ni, ya ce Malam Haladu bakanike ya rasu bayan Azahar a gidansa na Gumel. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na fito na zauna a ƙasa cikin baƙin ciki da haushin kaina.

Shekara tara muna aiki tare. Ni ke tuƙa taraktar da aka ɗaura wa dogon hannu mai zarto, muna rage rassan darbejiya a layukan itatuwan kare hamada, daga Maigatari har Sule Tankarkar. Shi ke kula da lafiyarta. Shi ya fahimtar da ni cewa libar da nake ja ba ita ke juya zarto ba. Ƙofa kawai take buɗewa a cikin bawul, wato abin da ke tare hanyar mai, sai man da famfo ya matso ya bi tiyo ya juya shi. Ba ya zuba mai sai ya tace, yana cewa, "Ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta kwantar da injin, mu kuwa a cikin rairayi muke."

Akwai wani ƙaramin bawul da ya ɗaure wa jan tsumma. In zarto ya ci karo da icce mai tauri, shi ke buɗewa ya mai da mai cikin tanki, zarton ya tsaya. Wannan tsayawar ita ke ƙona mini rai. Kullum ina cewa, "Malam, ka ɗan ƙara matse shi mana, rana tana yi!" Shi kuma ya ce, "Sabo, wannan shi ne haƙurin injin. In ya tsaya, ja baya ka sake shiga."

Da ya kwanta ciwo, sai na ga dama ta samu. Na kwance tsumman, na sa sifana na yi ta matsewa, ko ƙirga zagayen ban yi ba. Kwana biyu zarto yana cin icce kamar kabewa, ina ta cika baki. A rana ta uku tiyo ya fashe, mai zafi ya feso ya wuce ta gefen fuskata, famfo ya ƙone. Allah ne ya tsare mini ido.

Malam ya ji labari. Bai aiko da faɗa ba, cewa ya yi a tambaye ni ko na ji rauni, kuma in zo ya faɗa mini yadda ake mayar da bawul ɗin daidai. Kunya ta hana ni. Yau na ce gobe, gobe na ce jibi, wai sai na gyara da kaina tukuna. Wane irin taurin kai ne wannan? Mako uku ina kwance a ƙarƙashin ƙarfe, alhali Gumel ba nisa.

Yanzu an sa sabon famfo, masu gyara biyu sun zo sun tafi, zarto bai koma yadda yake ba. Da kunne Malam yake saita bawul ɗin, mu kuwa ba wanda ya tsaya ya koya.

Allah ya jiƙan Malam Haladu, ya haskaka kabarinsa, ya saka masa haƙurinsa da Aljanna. Allah ya ba matarsa Hajiya Talatu da 'ya'yansa dangana, ya raya abin da ya bari. Ni kuma Allah ya yafe mini, don ban je na nemi gafararsa ba. Tsumman yana aljihuna har yau, ban san a zagaye na nawa zan tsayar da bawul ɗin in ɗaura masa shi ba.