Tafin da ya fito da Baba daga ɗaki

Jiya da la'asar ina tsakar gida a Dungas, ina jin wani tsohon wasan kiɗan rok na Turawa da aka naɗa a gaban jama'a, irin wanda waƙa ɗaya ke cin minti ashirin. Ana gamawa, taron ya ɓarke da tafi.

Sai ga Baba ya fito ba hula, yana duban sama. Mako biyu ke nan geronmu bai ga ruwa ba.

"Ba ruwa ba ne, Baba, tafi ne a wayata."

Ya zauna gefen tabarmata. "Mayar da shi baya. Kamar ruwa ne yake zuba kan rufin kwano."

Sau huɗu na mayar masa, yana murmushi ido rufe.

Ku wane sauti kuke marmarin ji bana?