Ɗan Wasana Ba Gyara Ba Ne

Har gobe akwai mutane a Potiskum da ba su san ana buga hoki a garin nan ba. In ka ce musu kai kocin hoki ne, sai su dubi sandar da ke hannunka su ce, “To Malam, ina shanun?” Na sha wannan ba'ar har ta daina yi mini zafi. Mahaifina ma, Allah Ya ji ƙansa, dillalin shanu ne a kara, kuma har ya koma ga Mahaliccinsa bai yarda cewa ƙato da gemunsa zai riƙa bin ƙwallo da lanƙwasasshiyar sanda a kira abin sana'a ba.

Ƙungiyarmu ƙarama ce, amma muna da rajista, muna zuwa gasa, ana biyan yara ɗan abin da ya samu. Filinmu kuwa kada ka tambaya. Ƙasa ce da tsakuwa, awaki na ratsawa ana tsakiyar atisaye. Ita kuma ƙwallon hoki tauri gare ta kamar dutse. Da ta ci karo da tsakuwa sai ta yi tsalle ta nufi haƙoranka.

A cikin yarana akwai kyaftin, ɗan unguwar Hausari, ƙaƙƙarfa, mai cin ƙwallaye, yana da mata da 'ya ɗaya. Akwai kuma wani matashi ɗan yankin Ngojin, bai cika ashirin ba, mai tsaron baya. Siriri ne, shiru-shiru, Hausarsa da ɗanɗanon harshen Ngizim a ciki, shi ya sa yake jin nauyin magana cikin jama'a. Bai taɓa ci mana ƙwallo ba. Aikinsa tarewa ne kawai. Amma ƙwallon da za ta zo a haukace tana tsalle-tsalle, in ya sa mata sanda sai ta tsaya cak, kamar an kira sunanta.

Wata shekara bayan an gama gasa, wakilin wata babbar ƙungiya ya bugo mini waya, irin ƙungiyoyin nan na manyan birane masu filin ciyawar roba. Ya ce kyaftin ɗina suke so. Ya zo da kansa, dattijo mai fara'a, bakinsa kamar zuma. Na raba yara gida biyu suka kara a gabansa, kyaftin da ɗan Ngojin a gida ɗaya.

Kyaftin ya ci ƙwallo, baƙon ya tafa ya ce, “Kai! Wannan namiji ne!” Ya sake ci, ya sake yabo. Ni kuwa hankalina ba ya kan bakinsa. Tun ina yaro ina riƙe wa mahaifina igiya a kara, abin da ya fi nanata mini shi ne in daina sauraron mai saye, in dubi inda yake tsayawa. To mutumin nan da ya zo don mai cin ƙwallo, me ya kai shi can ɗaya ɓangaren, bayan ragar da ɗan Ngojin yake karewa? Can ya kafe, rana na dukansa. Da aka tashi kuma, yara suka zubar da sandunansu, sai na ga ya tsugunna kamar mai gyara takalmi, ya ɗauki sandar yaron ya shafa bakinta da yatsa ya ajiye.

Muka zauna a gindin darbejiya, yaran biyu na tsaye a gefe. Tayin da ya yi wa kyaftin ba laifi: cikakken albashi, wurin zama, mu kuma a ba mu aron 'yan wasa biyu da sababbin sanduna. Kyaftin har haƙoransa sun fito. Sai da baƙon ya miƙe yana kakkaɓe rigarsa ya ce, “Af, Koci, wancan siririn ma haɗa mini da shi gyara. Ba jiki gare shi ba, ga shi bai taɓa cin ƙwallo ba, amma zai riƙa ɗaukar mana jaka. Ci da kwana dai tukuna. In ya koyi wani abu, a gani.”

Gyara! Tumatir ne shi, ko gyaɗa, da za a damƙo a ƙara a kan awo? Na waiga na ga yaron ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da ɗan yatsan ƙafa. Na kuma tuna yadda gogaggun 'yan kara suke yi: su yi ta ciniki a kan bijimi da ƙarfi, alhali karsanar da ke gefe ce ta kawo su, sai an kusa sallamawa su ce a haɗa musu da ita.

Na ce, “Alhaji, kyaftin na sallama maka. Wancan kuwa, albarka.”

Ya ce, “Haba Koci, taimakonsa zan yi.”

Na ce, “Allah Ya saka da alheri. Albarka.”

Fara'ar ta ɗauke. Ya ce shi a haɗe yake so, in babu ɗaya to babu ɗayan. Ya shiga motarsa ya ja.

Tabɗi! Ranar na ga tashin hankali. Kyaftin ya jefar da sandarsa ya ce, “Koci, ka kashe ni. Da iyalina da komai, ka toshe mini hanya saboda wanda ba a ma taya ba!” Yana da gaskiyarsa kuwa. Ya daina zuwa atisaye. In mun haɗu a masallaci sai ya kau da kai.

Wanda ya fi karya mini zuciya shi ne ɗan Ngojin. Ya same ni da yamma ina tattara ƙwallaye. Ya ce, “Koci, ka kira shi. Na yarda in tafi haka. Jakar ma zan ɗauka.”

Na daka masa tsawa. Na ce, “Kai, rufe mini baki! Wanda ya shiga gida a gyara, a gyara zai tsufa. Ran da suka gaji su koro ka, ba mai tambaya.”

Ya ce, “To ai ban ci ƙwallo ba ko sau ɗaya.”

Na zaunar da shi. Na ce, “Ɗana, saurara. Masu cin ƙwallo suna da su burjik a can. Abin da ba su da shi shi ne mai tsayar da ita. Kai a kan tsakuwar nan kake tsayar da ita, inda ƙwallo ba ta san gabas ba ta san yamma ba. In aka ɗora ka a filin da yake sumul, wa zai wuce ka? Baƙon nan ya gani, ni ma na gani. Kai kaɗai ne ba ka gani ba.”

Na faɗa masa haka da ƙarfin hali, amma ni kaina ban tabbata ba. Tsoro nake ji sosai. In na yi kuskuren karanta mutumin nan fa? Na hana yaro tafiya, na hana kyaftin abincinsa, duk a kan inda wani ya tsaya da sandar da ya shafa. Waya na hannuna kullum, ina dubawa kamar mai jiran sakamakon asibiti. Sau da yawa na nemo lambarsa, sai in mayar da wayar aljihu. Mahaifina bai taɓa bin mai saye a baya ba, ni ma na cije.

Ranar kasuwa da hantsi wayar ta yi ƙara. Ashe bawan Allah bai ma yi nisa ba, yana wajen 'yan'uwansa a Fika. Muka haɗu a teburin mai shayi. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, “Koci, gaya mini gaskiya, a gidanku wa yake ciniki?”

Na ce, “Mahaifina dillali ne a kara.”

Ya buga cinya ya ce, “Shi ke nan! Ni iyayena fatake ne. Da na sani da ban ɓata bakina ba.” Sai ya daina wasa. Ya ce yaron suke so, tun a gasa suka sa masa ido. Za a ba shi yarjejeniyarsa shi kaɗai, da albashi daidai da na manya, kuma cikin 'yan wasan farko zai fara. Har yana tsokanata, wai to yanzu sai in ba shi kyaftin gyara.

Na ce, “Shi ma albarka. Kowa da cinikinsa.”

Muka yi ta ja har shayin ya huce, daga ƙarshe ya ɗauke su su biyun, kowa da tasa takardar. Kyaftin ya zo har gida ya durƙusa yana ba ni haƙuri, na ce ya tashi kada ya ɓata mini tabarma da hawaye. Daɗin da na ji ranar, ban ji irinsa ba ko a ranar da muka fara cin gasa.

Bayan sun tafi ba da daɗewa ba, ɗan Ngojin ya kira ni. Yaron da ba ya haɗa jimla biyu, sai ga shi yana ihu a waya: “Koci! Koci! Ƙwallon nan ba ta tsalle! Ina sa sanda take tsayawa! Yau ba wanda ya wuce ni!” Na yi ta dariya a bakin titi har hawaye suka zubo mini.

A hanyata ta zuwa fili na bi ta gefen kara, sanda a kafaɗa. Wani tsohon dillali, abokin mahaifina, ya hango ni ya ɗaga murya kamar kullum: “Ɗan dillali, ina shanun?”

Na tsaya na ce, “Baba, na sallama guda biyu. Kuma ban ba da gyara ba.”