Kabarin Kakanmu a Barikin Dutse

Muna idar da sallar asuba muka tashi daga Titin Bauchi a Jos, ni da ƙanena, sanyi na ratsa ƙashi. Mahaifiyarmu ce ta aike mu. Ciwon ƙafa ya zaunar da ita, tana kuma son a ziyarci kabarin mahaifinta a Barikin Dutse, inda aka haife ta.

Gaba da Bukur kwalta ta ƙare, muka hau acaɓa muna ratsa gonakin dankalin Turawa. Mai acaɓar ya dubi takalmanmu kafin ya yanka kuɗi.

Da muka isa barikin, gida tara na ƙirga. Kamfanin kuza ne ya kafa barikin zamanin Turawa, ya tara leburori daga ko'ina. Da ya tashi, jama'a suka watse. Yanzu ba shago, ba makaranta, sai coci mai ɗaki ɗaya da kangon masallaci.

Wata tsohuwa ta sauke mu da gwaten acca mai zafi. Ta san kakanmu, har ta ce shi ya ɗinka mata kayan aure. Na tambaye ta maƙabarta.

"Ɗana, loto ya ci shi."

A Hausar da na sani, loto lokaci ne. Na gyaɗa kai na ce, "Haka ne Mama, zamani ba ya barin komai."

Ta harare ni. "Wane zamani? Tashi ka gani."

Ashe loto shi ne ramin da masu haƙar kuza ke nutsawa, kamar rijiya. Maƙabartar duk ta zama ramuka, ana zura mutane da igiya, ana wanke ƙasar a kwari. Na tsaya baki buɗe. Ƙanena ya zauna a ƙasa.

"Mun yi faɗa, ba su ji ba," in ji ta. "Ƙashin da ya fito, maigidana ya tattara ya binne a bayan gidanmu. Ba mu san na wa da wa ba. Addu'arku kuma ba mu iya ba."

A can muka yi addu'a, ita tana tsaye daga gefe.

Mun iso Jos da magariba. Abin da na koyo shi ne, ziyarar da aka yi ta ɗagawa shekara da shekaru, wata rana sai a rasa inda za a tsaya. Ban ɓoye wa mahaifiyarmu komai ba. Sai ta tambaya ko an fuskantar da ƙasusuwan alƙibla.

Ban tambayo ba.