Sikeli a Mashigi

Na daɗe ina aiki a wani kamfanin jirage masu saukar ungulu na 'yan gida ɗaya. Kakansu ne ya kafa shi, ya durƙushe, jikoki suka farfaɗo da shi. Ma'aikatan haƙar mai muke kaiwa tsakiyar teku, ni kuwa aikina auna fasinja. Bature ko Balarabe, kowa sai ya hau sikeli, ba musu.

Da na dawo Haɗejiya, ambaliya ta yanke hanyar ƙauyenmu, sai na ce wa yayana mu ma mu farfaɗo da fiton mahaifinmu. Muka liƙe tsohon kwalekwalen, na sayo sikeli na ajiye a mashigi.

Ranar kasuwar Kafin Hausa gwaggonmu ta iso da ayarin mata. Na nuna mata sikelin.

"Ɗan nan, buhun shinkafa ka ɗauke ni?" Ta dubi matan. "Ku zo mu hau kwalekwalen maƙwabta."

In suka tafi, fitonmu ya mutu tun ranar farko. Yaya ya sha gabanta yana ba ta haƙuri, sannan ya nuna mini wata tsaga da Baba ya yi da wuƙa a gefen jirgin.

"Malam na teku, ga sikelin gidanmu. In ruwa ya taɓa nan, an cika."

Suka shiga ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshe na zama, ruwa ya taɓa tsagar. Ni aka bari a gaɓa, Gwaggo tana ɗaga mini hannu.