Matattun Rediyo a Rumbun Kawu

Kawuna na Birnin Tsaba bai taɓa yarda wani abu mai waya a jikinsa ya mutu ba. Rediyo ta daina magana, ya ce hutawa take. Tocila ta ƙi kamawa, ya ce sanyi ne. Wayoyi har da wadda ta faɗa rijiya yana ajiye da su, wai wata rana zai kai su Kaura a tashe su. Kuma ina ne ma'ajiyar? Rumbu! A wurinsa duk abin daraja rumbu ake kai shi, saboda haka tarkacen nan suka tare a kan hatsi kamar su suka noma shi.

A rumbun nan matarsa, wadda muke kira Inna, take ajiye damin irin geronta. Gero ne mai saurin nuna da ta gada wurin mahaifiyarta, kuma ita kaɗai ta rage da shi a garin. Kowace kaka sai ta zaɓi zangarniya mafi kyau ta ɗaure daban.

Wata bazara na je gaishe su, na tarar Kawu yana cicciɓar mataccen batirin sola yana hawa tsani da shi.

Na ce, "Kawu, wannan fa ruwa gare shi mai cin tufafi. Ka ba 'yan gwangwan mana."

Ya leƙo daga bakin rumbu ya ce, "Ke ɗiyata, mi kika sani? Su fasa min shi da guduma?"

To, ya hutar da su. Zafin rumbu ya fasa shi da kansa. Ran da aka yi ruwan shuka Inna ta sa aka sauko da daminta, sai ga shi baƙi ƙirin, yana wari, kana taɓawa yana marmashewa. Wallahi raina ya ɓaci. Shi kuwa mai gidan ba kunya, tambayar da ya fara yi ita ce ko ruwan batirin ya taɓa rediyonsa.

Inna kuwa ta durƙusa gaban damin. Ta tsince ƙwayoyin da suka yi kama da masu rai, ba su cika tafin hannu ba, ta binne a wani tsohon kasko a bayan ɗakinta. Safe da yamma tana yayyafa musu ruwa. Kwana tara ina leƙawa tare da ita, ko tsinke bai fito ba. A na goma ta kife kaskon, ta yafa mayafi, ta fita roƙon iri a maƙwabta.