Sabuwar Ƙafa a Tsohuwar Kujera

Tsohon kafinta ya daɗe da ajiye zarto, bai sake ɗaukarsa ba sai ranar da ƙafar kujerar matarsa ta karye. Shi ya ƙera mata ita shekarar aurensu. 'Ya'yansu suka ce a jefar, a sayo ta roba.

Ya ƙi. Ya yanko katako bisa awon da ya haddace tun yana saurayi, ko duba kujerar bai yi ba. Da ya kafa ƙafar, sai kujera ta hau tangaɗi. Ashe sauran ukun ƙasa ta cinye su a hankali.

Matar ta tuntsire da dariya. "Maigida, kai ma ai ba tsawonka na da ba ne."

Ya rage ƙafar, kujera ta tsaya daram a bakin ƙofa, inda matar ta saba jiran dawowarsa daga shago.