Ranar da Baffa Ya Ƙone Hatiman Yaya

Akwai wata ranar azumi da ba na jin za ta taɓa fita daga raina. Shekaru sun ja, jikokina ma sun shiga makaranta, amma da zarar na ji warin roba tana ƙonewa sai zuciyata ta tafasa kamar yau abin ya faru.

A lokacin ina koyarwa a wata firamare kusa da Ƙofar Kuyambana, ban yi aure ba tukuna. Gidanmu babban gida ne na malamai a cikin birni, kuma tun rasuwar mahaifinmu wansa ne ke riƙe da shi, muna kiran sa Baffa. Mutum ne mai ilimi, ba zan tauye masa wannan ba, amma idan ya yanke magana ko matansa ba sa tari.

Yayata ta dawo gida bayan ta fita takaba. Mijinta mai sassaƙa hatimi ne, irin na ofisoshi da makarantu, kuma hatsarin mota ya ɗauke shi ba su yi wata daɗewar kirki da aure ba. Ta dawo da akwatin kayanta da wani tsohon gwangwanin biskit. A cikinsa akwai hatiman da ya sassaƙa mata don wasa: jinjirin wata da tauraro, fure, rago, da wani dogo mai rubutun "Barka da Sallah" da hannunsa. Akwai kuma wasu ƙarafa da ya sa maƙeri ya lanƙwasa masa, masu kaifi a baki ɗaya, waɗanda ake ɗorawa a kan kwali a buga da guduma su yanke shi da siffar zuciya ko ƙofar masallaci. Abin da ya rage mata na mutumin ke nan, ko hoto ba su da shi.

Watanni Yaya tana zaune kamar an dasa ta, ba magana, ba dariya. Sai da azumi ya matso na lallaɓe ta muka buɗe gwangwanin. A wancan zamanin katin Sallah abin yayi ne, samari da 'yan mata da ma'aikata kowa na aikawa. Na sayo mata farin kwali da tawada, ta jiƙa soso a gwangwanin kifi, ta fara bugawa. Wallahi hannunta ya fi na marigayin tsafta. Har ta koyi sassaƙa nata, tana sayen sabon fallen roba wurin masu yin takalma a kasuwa, ta zana fure, ta bi shi da reza a hankali, ta manna a ɗan katako. Ni ce 'yar talla, ina kai wa malaman makarantarmu, har wata ma'aikaciyar jinya daga Wusasa ta ce a ajiye mata na Kirsimeti. Yaya ta fara dariya, har ta fara zolayata cewa hancina ya fi ƙarfen yankanta tsini.

Abu ɗaya ta kafe a kai: ba ta sa sunan Allah ko aya a kati. Ta ce bayan Sallah yara ne ke wasa da su, ƙarshensu bola, ba za ta ɗauki wannan alhakin ba.

Sai ga wata maƙwabciyarmu, irin masu shigowa neman gishiri su fita da labarin gida kaf. Ta ga guntayen roba a tabarma ta tambaya, Yaya kuwa da zuciya ɗaya ta ce ai irin robar silifas ce. Shi ke nan fa. Kafin maganar ta tsallaka lungu biyu ta zama tsohon silifas. Kafin ta isa ƙofar masallaci ta zama wai 'yar gidan malam tana buga Bisimilla da ƙasan takalmin shiga bayan gida. Har yau ina mamakin bakin mutane, kuma da azumi a bakin nasu.

Bayan la'asar ne, ana tsaka da suyar ƙosai, ni kuma ban dawo daga kai kati ba. Abin da aka faɗa mini shi ne Baffa ya yi sallama sau ɗaya, ya wuce kai tsaye inda Yaya take aiki. Bai tambaye ta komai ba. Bai ɗauki kati ko ɗaya ya duba ba. Ya sunkuci gwangwanin hatiman, ya sa aka sauke kaskon mai, ya juye shi cikin murhu. Yaya tana durƙushe, ta buɗe baki ta ce "Baffa", ya ɗaga mata hannu, ya ce a gidan nan ba za a wulaƙanta sunan Allah yana raye ba.

Ni da na shigo baƙin hayaƙi na tarar ya cika tsakar gida, kowa na toshe hanci. Yaya tana tone toka da itace. Robar ta narke ta dunƙule, ƙarafan sun yi baƙi sun lanƙwashe. Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ya fi kukan ci mini rai. Ranar kunun ma warin roba yake yi.

Innarmu ta riƙe mini zane ta ce in rufa mata asiri, amma ni ba a haife ni da irin wannan haƙurin ba. Na kwashi katunan da suka rage a jakata na nufi zaure, inda Baffa yake zaune da manyan ɗalibansa. Na durƙusa yadda aka koya mini, na shimfiɗa su a gabansa.

"Baffa, don Allah a nuna mini inda sunan Allah yake. Robar kuma sabuwa ce, ƙafar kowa ba ta taɓa taka ta ba. Rabin abin da aka ƙone na marigayi ne."

Ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya duba gaba ya duba baya. Na ga lokacin da ya gane, don hannunsa ya tsaya cak. Na jira. Abin da ya ce kawai shi ne, "Tashi ki shiga gida."

Ku ji inda abin ya fi ƙona ni. Ni ce na zama mai laifi. Gwaggonni suka taru a kaina, wai na yi wa babba tsaurin ido a gaban mutane, wai boko ya buɗe mini ido, wa zai auri mai irin wannan bakin. Maƙwabciyar nan kuwa ko kunya, washegari ta aiko neman rariya.

Ana jajiberin Sallah Baffa ya aiko uwargidansa da turmin atamfa mai tsada, aka ce na Yaya ne. A gidanmu haka ake yi. Babba ba ya ba yaro haƙuri, sai dai ya yi masa kyauta, yaron kuma ya gane da kansa. Gida ya ɗauka da yabo, kai ka ce Baffa rijiya ya haƙa wa unguwa. Aka sa Yaya ta je har ƙofar ɗakinsa ta durƙusa ta yi godiya. Wadda aka zalunta ita ce ta yi godiya, jama'a, ina tsaye ina kallo.

Da muka koma ɗaki na ce mata zan sayo sabuwar roba da reza mu sake daga farko, tunda yanzu ba mai hana ta. Ta daɗe tana kallon atamfar, sannan ta ce, "Da ya ce mini bai sani ba ne, da na sake. Amma har yanzu a waje ni ce wadda ta buga sunan Allah da takalmi."

Gaskiya ta faɗa. A unguwa aka yi maganar, a masallaci aka ji ta, kuma Baffa bai taɓa komawa can ya wanke ta ba. Wasu tsofaffin unguwar da wannan labarin suka mutu. Yaya ba ta ƙara riƙe reza ba. Ta sake aure, ta haihu, kuma da Baffa ya rasu ta ce ta yafe masa. Ni ma ina yi masa addu'a, amma ba zan yi muku ƙarya in ce raina ya huce ba.

Yanzu ni ce babba, ni ake durƙusa wa, kuma na san yadda kalmar nan take da nauyi a harshe. Abin da na koya shi ne kyauta ba ta wanke wanda ka ɓata wa suna. Idan na yi wa yaro hukunci ban bincika ba, ba na aika masa da komai. Ina kiran sa a gaban mutanen da na kunyata shi, in ce da bakina na yi kuskure, ya yi haƙuri.